Kantar da Ta Hana Ni Buga Marakana

Da hannuna na karya tsinken, babu wanda ya sa ni. Na fara da wannan ne don kada a ɗora wa badukun Kano laifi, ko ruwan saman Abidjan, ko 'yan ƙwallon Adjamé da aka ce sun binne mini laya a hanya.

A gidanmu na Belleville, cikin unguwar Treichville a Abidjan, ba a tambayar yaro lambar takalminsa. Kakata, wadda duk gidan ke kira Hajiya Kaka, ba ta yarda da lamba ba. Ta ce lambar Faransa daban, wadda ake yi a Kano daban, amma tsinke ba ya ƙarya. Idan wani zai yi tafiya ya sayo wa yara takalma, sai ta zaro tsinken tsintsiya, ta tsayar da kai a kan siminti, ta auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya daidai wurin, ta ɗaura masa zare mai launi don a san na wane ne. Da haka ta auna 'ya'yanta, da haka take auna jikoki, kuma ba a taɓa dawo da takalmi ba.

Ni kuwa Allah ya yi mini baiwar ƙafa. Shekarata goma sha biyar, amma ƙafar ta riga ni girma da nisa. Idan na shigo gida, ita ke fara yin sallama, ni sai an jima in iso. Abokaina na unguwa ba sa ce mini Habu, Pinas suke kirana, wato jirgin ruwan nan mai inji da ke tsallakar da mutane a lagun, babban tafkin da ya ratsa garin. Akwai kuma wata Mariyama mai sayar da aloko, wato soyayyar ayaba, a bakin layinmu, wadda ta taɓa duban ƙafata ta rufe baki da gefen zane. Ba zan ƙara cewa komai a kan Mariyama ba.

To, sai Kawu Ɗanlami, wan mahaifiyata, ya tashi tafiya Kano. Ɗan kasuwa ne, yana da shago a unguwar Adjamé kusa da Mairie, ofishin magajin gari, rabin shekara yana can rabi yana nan. Ya ce zai sa a ɗinka mini sau-ciki na fata, aikin hannu, na Babbar Sallah. Hajiya Kaka ta auna ni, ta ɗaura wa tsinkena jan zare, ta ajiye shi a kan kabad. Ina ganin ta shiga wanka na hau kujera na karya masa tsawon gaɓar yatsa guda. Lissafina shi ne ƙafa kamar ƙullin fulawa ce, idan aka matse ta cikin ƙaramin mazubi za ta haƙura ta ɗauki siffarsa. Ni da ake cewa ina da ƙoƙari a lekol, wato makarantar boko.

Kawu ya yi watanni bai dawo ba. Tsinke yana can Kano bai ƙaru ba, ƙafata tana nan tana cin aceke, dambun rogon nan, tana ƙaruwa.

Takalmin da ya zo, gaskiya ya yi kyau. Jar fata mai sheƙi, da ɗinkin zare fari a gefe, ƙamshinsa kawai ya cika ɗaki. Ranar Sallah na kulle ƙofa, na sa leda a ƙafa, na shafa sabulu, na yi bismilla, na cusa. Da na fito Kawu ya ja da baya yana kallona.

“Ya ya ka ji shi, Habu?”

“Kamar katifa, Kawu.”

Me zan ce? Babba ya ɗauko maka kyauta tun daga Kano, ya tsallaka iyaka bayan iyaka da ita, kai kuma ka buɗe baki ka ce ta matse ka? Balle ni na san wanda ya matse ni.

Da Sallah ce kaɗai da na tsira. Amma bayan Sallah kaɗan aka ba mu dogon hutu, Kawu ya ce in riƙa bin sa shago da safe. Ashe yana so ya fara kawo irin takalmin ne ya sayar, ni ne tallan. Duk Alhajin da ya zo gaisuwa sai ka ji, “Habu, taka zuwa bakin titi ka dawo, Alhaji ya gani.” In taka. Takalmi yana ƙiƙi-ƙiƙi, Kawu yana cewa, “Ka ji? Fatar kirki ce ke magana.” A raina na ce ba fata ba ce, yatsuna ne ke salati. Ga damina. Ruwan Abidjan idan ya jiƙa fata ta bushe sai ta ƙara tsukewa, kullum takalmin yana komawa yaro ni ina komawa babba.

Abin da ya fi damuna ba zafin ba ne, marakana ce. Ga wanda bai sani ba, ita ce ƙwallon unguwa da muke bugawa da ƙananan raga, babu gola, kowa da leke, takalmin robar nan mai igiya. Kowane dogon hutu ana yin gasa tsakanin unguwanni. Shekara biyu ina ɗaukar wa ƙungiyar Belleville jarkar ruwa, sai a wannan hutun kyaftin ɗinmu Bakari, wani dogon ɗan ƙabilar Jula, ya ce ni zan buga gaba. Ya ce ƙafa irin tawa ko ban yi niyya ba ƙwallo za ta same ta. Wannan gurbin na jima ina mafarkinsa, kuma da hagu nake bugawa. Ciwon bai tashi zama ko'ina ba sai a hagun.

Makon farko bororo ne a kan ƙaramin yatsa. Ya fashe, ya bushe, na ce shi ke nan. Mako na biyu fatar wurin ta yi kauri, ta yi rawaya-rawaya, ta yi tauri kamar ɓawon kwakwa. Daga nan sai wani ɗigo ya fito a tsakiya, bai fi ƙwayar gero ba. Wannan ɗigon shi ne shugaban 'yan ta'adda. Idan takalmi ya danna shi, sai in ji kamar kafinta ya kafa ƙusa yana neman ƙashi. Da yamma in cire sau-ciki in sa leke in je atisaye, igiyar leken ma a kansa take bi.

Hajiya Kaka ce ta fara ganewa, ina alwala a tsakar gida.

“Maigida, zo nan. Me ya sa kake taka ƙasa kamar kazar da ta faɗa ruwan zafi?”

“Sabon salon tafiya ne, amarya. Na samarin yanzu.”

“Miƙo salon in gani.”

Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta danna wurin da babban yatsa. Na yi ƙarar da ta sa akuyar maƙwabta ta amsa. Ta ce kanta ce, mai ido. Ta ce maganinta ruwan ɗumi, da dutsen goge ƙafa, da man kaɗe, kullum kullum, wata guda ko fiye. Ta tambaye ni ko takalmin Kawu yana matse ni, na sake kawo zancen katifa. Ta dube ni ta dubi ƙafar, ta ƙyale zancen, don ta yarda da tsinkenta.

Wata guda! Gasa saura mako biyu. Na bar ta ta jiƙa mini ƙafar sau ɗaya don kada ta ji haushi, na shiga neman gajeriyar hanya.

Gidanmu babban gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, saboda haka ciwon mutum ɗaya na kowa ne. Tanti Akisi ta ɗakin kusa da famfo ta ce in yanka lemon tsami in barbaɗa gishiri in ɗaure a kai. Na yi, yatsa ya yi ƙamshin kifin gashi, kanta tana nan. Wani ya ce ɓawon ayaba, wata ta ce albasa da binega. Akwai lokacin da idan aka ƙara mini tumatir a ƙafar an gama miya. Wani yaron makanike ya zo da ruwan batir a murfin kwalba, Hajiya Kaka ta bi shi da muciya har bakin titi, Allah ya saka mata. Bakari kuwa da ya ga ina ɗingishi sai ya ja ni gefe, ya rage murya.

“Pinas, wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. 'Yan Adjamé sun ji labarinka. Kullum kana unguwarsu, ka taka abu.”

“To me zan yi?”

“Ka wanke ƙafar da ruwan lagun kafin rana ta fito, kada ka waiwaya.”

Na ji daɗi ƙwarai da aka ce har na kai a yi mini asiri. Amma na san ruwan lagun ɗinmu, ban je ba.

Ga inda na yi babbar wautar, kuma saboda ita nake rubuta wannan. A Adjamé akwai masu yankan farce da ke yawo suna kaɗa almakashi ƙyas-ƙyas, yawancinsu mutanenmu ne daga Nijar. Ranar da Kawu ya tafi tashar jirgin ruwa karɓar kaya, na kira ɗaya bayan shago. Ya gama yi wa wani tsoho ke nan, ya goge askar a gwiwar wandonsa. Ya fere saman kantar a hankali, har na ji sauƙi. Ya ce ya isa haka. Na ce ina, idon nake so ya tono, duka, yau.

“Ɗan Alhaji, akwai nama a ƙasa fa.”

“Naman nawa ne. Tono.”

Ya tono. Jini ya tsarto har kan leɓensa. Ya danna auduga yana cewa, “Kai ka ce, kai ka ce,” ya tattara kayansa ya yi gaba, ko juyowa bai yi ba. Wani mai sayar da agogo da ke kallonmu ya ce tunda ƙofa ta buɗe, yanzu ne lokacin kashe saiwar: in daka tafarnuwa da kanwa in cusa a ramin in ɗaure. Na daka, na cusa, na ɗaure da tsumma, na mayar da ƙafar cikin sau-ciki don kada Kawu ya dawo ya gan ni babu talla. Ban san yadda wutar lahira take ba, Allah ya tsare mu, amma ina jin da tafarnuwa ake hura ta. Da yamma na kwance tsumman, fatar da ke kewaye ta yi fari ta saɓule kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Duk da haka na sa leke na je atisaye, cikin ruwan sama, muna fantsama a ruwan kwata da ya malalo kan titi.

Bayan kwana biyu ƙafar ta zama doya. Yatsan ya yi ja ya yi sheƙi, yana bugawa kamar yana da tasa zuciyar. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi, zazzaɓi ya rufe ni, haƙorana suna kaɗawa. Da safe ƙanwata Rabi ta ɗaga zanen da na rufa da shi, ta ƙwala ihu, “Kaka! Ƙafar Yaya ta haihu!”

Ban taɓa ganin Kawu da gudu ba sai ranar. Alhaji guda, da babbar riga da hula, ya durƙusa ya goya ni har bakin titi neman taksi, ƙafafuna suna jan ƙasa ta bayansa. Hajiya Kaka ta biyo mu da carbi da mayafi a karkace. Ƙafar dama kuwa, saboda sabo, na riga na cusa ta cikin takalmin.

Asibitin gwamnati muka je a nan Treichville. Layi na karɓar kati, layi na jiran a kira ka, layi na biyan kuɗi, sannan a rubuta maka takarda ka fita waje ka sayo auduga da bandeji da safar hannu da allurar da za a yi maka, ka dawo ka tarar wani ya zauna a wurinka. Mun isa da hantsi, ba a kira mu ba sai da aka yi azahar. Na fara tunanin a nan zan yi aure in haifi 'ya'ya. Kusa da ni a benci akwai wani dattijo ɗan Mali da ƙafa a naɗe. Ya tambayi abin da ya same ni, na faɗa masa ina ɗan ƙara gishiri don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mini inda yatsu biyu suka kasance a da. Ya ce yana da ciwon suga, kuma shi ma da reza ya fara, kanta yake ferewa. Daga nan na yi ta kallon tawa ƙafar har aka kira sunana.

Nas ɗin wata babbar mace ce mai tabarau a kan hanci, kowa Madam yake ce mata. Ta wanke ciwon da wani jan magani, ta matse ruwan da ya taru, ni kuma na kira sunayen kakannina har waɗanda ban sani ba. Ta yi mini allurar tetanos. Da Faransanci take magana, kuma da yake Kawu bai iya ba, Hajiya Kaka ma sama-sama, ni ne tafinta. Ta ce sunan abin kor. Ta ce ba ciyawa ba ce balle a ce tana da saiwar da za a tumɓuke, fata ce ke yin garkuwa saboda matsi, idan aka daina matsa ta a hankali za ta sauka. Wannan na fassara daidai. Sai ta dubi ƙafata ta dama ta ce takalmin nan ya yi mini kaɗan ƙwarai.

“Me ta ce?” in ji Kawu.

“Ta ce takalmin ya yi kyau ƙwarai.”

Kawu ya gyara hula. “Gaya mata aikin Kano ne. Idan tana so wa maigidanta, akwai.”

Madam ba yarinya ba ce. Ta ga Alhaji yana murmushi a inda bai kamata ba, sai ta sa hannu ta ja takalmin. Bai fito ba sai da ta dafe kujera da ƙafa. Yatsuna suka bayyana a lanƙwashe, a jere kamar sardin a gwangwani. Ta kifa takalmin a tafin ƙafata, dunduniya da dunduniya, yatsuna suka leƙo ta samansa gaba ɗaya. Wannan ba ya bukatar tafinta.

Kawu ya karɓi takalmin yana jujjuya shi. Ya ce badukun ya auna tsinken a gabansa, bai rage ko ƙwayar zarra ba. Sannan ya juya wajen mahaifiyarsa, ya sassauta murya.

“Hajiya, tunda muna asibiti, ko za a duba miki idon nan?”

Na jira ta yi masa tsawa kamar yadda ta saba. Ba ta yi ba. Ta dubi hannuwanta ta ce, “Wataƙila dai na tsufa, Ɗanlami. Ni na cuci yaron nan.” Ta kama gefen mayafi tana murzawa.

Allurar ba ta yi mini zafin wannan ba. Na ce, “Kaka, idonki lafiya lau. Ni na karya tsinken.”

“Ka yi me?”

Na faɗa musu duka, da kujerar da na taka, da lissafin ƙullin fulawa. Mariyama kaɗai na cire. Madam ta matsa sai an fassara mata, da ta ji sai da ta cire tabarau tana share hawaye, tana kiran wata nas ta zo ta ga saurayin da ke son rage ƙafa. Kawu kuwa, abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, “Kuma ka bar ni ina ta sa ka zagaye a gaban mutane?” Hajiya Kaka ta kama kunnena ta murɗa, amma na ga fuskarta ta dawo daidai.

“Ɓarawon tsinke. Ba ni takardata, na fasa auren.”

Daga ranar jinya ta koma hannunsu su biyu. Makon farko ƙwayoyi ne da zuwa wanki asibiti, kuma an hana ruwa taɓa ciwon, sai in yi wanka da ƙafa ɗaya a kan bokiti kamar zalɓe. Kawu ne ke kai ni kowane zuwa, yana barin shago a hannun yaronsa a lokacin da kasuwa ta fi ci. Kuɗin da ya kashe a taksi da kantin magani ya isa a ɗinka wa duk yaran gidanmu takalma, bai taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya kawai yake yi: duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin tsinke daga farko, kuma kullum abin da na karya yana ƙara tsawo. Da aka kwana biyu ya kai kamu guda.

'Yan ƙungiyarmu suka zo gaishe ni. Suka yi ta “Yako, Pinas, yako,” wato sannu, suka cinye shinkafar da Inna, mahaifiyata, ta ajiye mini, suka tafi. Bakari ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce zai sa ƙaramin Yao a gaba kafin in warke. Na ɗan lokaci ne, in ji shi. Yao ko kafaɗata bai kai ba, ƙafarsa kamar cokalin shayi. Na ce babu komai, ya riƙe mini wurin.

Da bakin ciwon ya rufe, a mako na uku, kantar tana nan a gefensa ko gezau, duk wahalar da na sha a banza. Hajiya Kaka ta sa na tambayi Madam ko za ta iya yin nata maganin yanzu. Madam ta ce shi ne ma daidai, muddin babu reza, babu abin da ke ƙona fata, kuma a tsaya da zarar an ji zafi. Kullum bayan la'asar Rabi ta hura gawayi, tana ƙunƙuni cewa ita ba baiwar ƙafa ba ce. Hajiya Kaka ta zuba ruwa a roba, ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, in tsoma ƙafa har fatar ta yi laushi. Sannan ta zauna a 'yar kujera, ita da ke fama da ciwon gwiwa, ta ɗora ƙafar a kan tsumma a cinyarta, ta goga dutsen a hankali, gefe guda, kaɗan kawai. Ta share tsakanin yatsu sosai, ta shafa man kaɗen da Inna ke sayowa a kasuwar Treichville wajen matan arewa. Ta yanko soson tsohuwar katifa ta yi masa rami a tsakiya kamar zobe, ta ɗora yadda kantar za ta zauna a ramin babu abin da ke taɓa ta. Kawu ya sayo mini silifa mafi girma da aka taɓa shigowa da su ƙasar nan.

Wata rana ta tashi amsa sallama, na ɗauki dutsen na shiga dirza da ƙarfi don a yi a gama. Ta dawo ta buge mini hannu.

“Tukunya kake kankarewa? Gaggawa ce ta kai ka wajen mai aska, ba ta ishe ka ba?”

“Kaka, saura wasa biyu a gama gasar.”

“To su gama. Ƙwallo ake sake hurawa, ba yatsa ba.”

Belleville ta yi ta cin wasa ba tare da ni ba, abin da har yau ban gane ba. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma da 'yan Adjamé. Ana gobe wasan na wanke lekena na shanya a inda kowa zai gani. Na yi tsalle a gaban Kawu, na yi gudu zuwa famfo na dawo, ina murmushi ina cije haƙori. Ya ce shi ba likita ba ne, mu je wajen Madam, abin da ta ce shi ke nan. Na shirya mata dogon jawabi da Faransancin littafi. Ba ta saurara ba. Ta sa babban yatsa ta danna sabuwar fatar, ba da ƙarfi ba ma. Na tashi sama kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta ce idan igiyar leke ta goge wurin nan zai sake buɗewa, mu koma farko, kuma ita ta gaji da jin sunayen kakannina. A taksi na juya fuska wajen taga har muka iso gida. Kawu ya tsaya a hanya ya saya mini gasasshen kifi, ya ce gobe shi zai kai ni kallo.

Wanda duk ya ga irin wannan tauri a yatsansa, ya fara duba takalminsa kafin ya zargi maƙiya. Kada ya kai aska wurin, kada ya ɗaura abin da ke ƙuna, mai ciwon suga kuwa ko dutsen kada ya taɓa sai ya ga likita. Idan wurin ya kumbura ko ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, a bar kayan miya a kicin a tafi asibiti, duk tsawon layin. Ni dai na gode wa Allah da ya bar mini yatsana. Na gode wa Madam, na gode wa dattijon nan da ya nuna mini ƙafarsa, ban ma san sunansa ba, Allah ya ba shi lafiya. Na gode wa Inna, da Rabi duk da ƙunƙuninta. Kawu da Hajiya Kaka kuwa, bakina ya yi kaɗan, Allah ya biya su da gidan Aljanna.

Da son raina ne, da na ce muku ranar wasan na jefar da silifa na shiga a minti na ƙarshe, na ɗaga raga da ƙafar hagu, aka ɗauke ni a kafaɗa har Belleville. Ba haka aka yi ba. A gefen fili na zauna, ƙarƙashin lemar Kawu, shi da ke cewa ƙwallo aikin banza ce yana ta ihu har hularsa ta faɗi. Yao ya ci mana ɗaya, 'yan Adjamé suka rama suka ƙara, aka fitar da mu. Ban buga ko wasa ɗaya ba a gasar. Kantar ba ta gama bajewa ba sai bayan an koma lekol, kuma farcen yatsan har yanzu baƙi ne. Gaba ta zama ta Yao. Ni baya nake bugawa yanzu, ranar da wani bai zo ba.